Kafin Ruri na Biyar

Ku matso. Kai Nafi'u, ajiye wayar nan ko in fasa labarin. Ke Sadiya, in kin san za ki jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu.

Kun san Balaraba, wadda ke wucewa ta ƙofar gidan nan da safe? Mai karkata kai in ana mata magana? Kunnenta na hagu ba ya ji. Ba haka aka haife ta ba.

Shekara tara ke nan da ta samu aikin sakatariya a wani kamfanin sayen auduga, can bayan tasha. Ranar da ta fara, tsohon masinjan ofishin, Malam Tanimu, ya nuna mata wayar da ke kan teburinta.

"'Yar nan, abu ɗaya zan gaya miki. Ran Juma'a, in maza sun tafi masallaci, wayar nan za ta yi ruri. Kada ki ɗauka."

"Wa ke kira, Baba?"

"Ban taɓa tambaya ba. Shi ya sa na tsufa."

Ta yi dariya a ranta, amma ta kiyaye. Duk Juma'a wayar ta yi ta ruri, ta gaji ta yi shiru.

Sai aka kawo sabon manaja, mai rawar kai, irin waɗanda ba a gaya musu su ji. Ya ce masu auduga na kira ba a ɗauka. A saita wayar, in ta yi ruri biyar babu wanda ya ɗaga, kiran ya wuce wayar hannun Balaraba. Kafin Litinin, ko kuma a bakin aikinta. Ita kuwa ita kaɗai ke riƙe da Innarta, tsohuwa, makauniya.

Ran Juma'a aka wuni ana ruwa. Maza suka tafi masallaci. Balaraba na zaune ita kaɗai, ta danna nan, ta danna can, abu ya ƙi. Sai ta ɗago kai, ga mutum tsaye a gaban teburinta. Farar riga, ko ɗigon ruwa babu a jikinta. Bai yi sallama ba. Ku riƙe wannan.

"Mai gyaran waya ne," in ji shi. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai magana cikin tulu.

Ita kuwa daɗi ya kama ta, ta zaci manaja ne ya turo shi.

"Danna mai tauraron nan. Yawwa. Sa biyar, yawan rurin ke nan. Yanzu lambar da kiran zai koma."

Ta sa lambarta.

"Ina wayar take?"

"Tana gida, wajen Inna. Ran Juma'a nakan bar mata, yayana ke kiranta daga Ikko."

Ya yi murmushi. "Madalla. Mun daɗe muna kira."

Ya juya zai fita. A nan ta kalli ƙasa. Fuskarsa na kallon ƙofa, amma yatsun ƙafarsa ita suke kallo. Diddige a gaba.

Wallahi ni da nake ba ku labarin, tsigar jikina ta tashi.

Yana ɓacewa sai ga Malam Tanimu, ya dawo ɗaukar lemarsa. Ta yi maza ta tare shi.

"Baba, mai gyaran nan..."

"Wane mai gyara? Ni da na shigo ta ƙofar nan yanzu, ko akuya ba ta wuce ni ba."

Wayar teburin ta yi ruri. Na ɗaya.

"Ƙyale ta," in ji tsohon.

"Baba, na tura kiran gida! In ta yi biyar, wajen Inna zai faɗa!"

"Innalillahi!"

Na biyu. Kun san tsofaffinmu. Mu an hana mu amsa kiran wanda ba mu gani ba. To makauniya fa, wa take gani? Ko iska ce ta kira sunanta, "na'am" za ta ce. Kuma su abin da suke jira ke nan. Wanda ya amsa, ya tafi.

Balaraba ta fizge igiyar wayar daga bango. Na uku, da igiyar a hannunta.

Na huɗu.

Ta ɗauka.

Malam Tanimu ya yi wuf ya toshe mata baki da hularsa. "Kada ki amsa. Ko tari kada ki yi."

Cikin wayar babu komai sai sanyi. Can aka ce, "Balaraba." Muryar mahaifinta ce, wanda ya rasu tana 'yar shekara goma. Hawaye suka zubo mata. "Balaraba, 'yar Baba, ba ki ji na ne?" Ta ciji hular. Aka sake kira, a hankali, yadda yake tashinta sallar asuba. Tsoho na karanta Ayatul Kursiyyu.

Sai muryar ta koma ta mai farar riga.

"To. Sai wata Juma'ar."

Tun daga ranar kunnen nan bai sake jin komai ba.

Me ka ce, Nafi'u? A goge saitin? Kai kaɗai ke da wayo? An goge. An canja wayar ofis, ta karya layinta ta jefa a rijiya. Malam Tanimu ya girgiza kai ya ce, "'Yar nan, wanda aka riga aka nuna wa gida ba ya buƙatar lamba."

Manajan nan an daɗe da canja shi. Malam Tanimu ya rasu. Sau biyu ana ba Balaraba aiki mai tsoka a Kaduna tana ƙi. Ko ranar hutu ce, ko Sallah ta faɗo Juma'a, za ku gan ta ta nufi bayan tasha da ƙyalle a jaka, na cusawa a baki. Tana ɗauka kafin ruri na biyar. Inna na nan da ranta, ba ta san komai ba.

Saboda haka in kuna ku kaɗai, aka kira ku, ba ku ga mai kiran ba, ku kama bakinku. Kuma kada ku kuskura ku zauna a ofis ku kaɗai ana huɗuba.

Ku yi addu'a ku kwanta. Ku sa Balaraba a ciki. Ɗazu da la'asar aka kwantar da ita a asibiti, ba ta san wanda ke kanta ba.

Gobe kuwa Juma'a ce.