Makullin Yawu

Turmi ya haɗiye ɗigon jinin, sannan fitilar da ke goshinsa ta koma kore. Ƙananan ƙwayoyi farare suka fara gangarowa cikin kwalba. Zuwaira ta tsaya tana kallo, hannuwa a aljihun farar rigarta, tana murmushin wadda ta riga ta san sakamako.

Ba irin turmin tsakar gida ba ne. Na'ura ce mai girman firji a ɗakin gwaji na sashen ilimin magunguna, a jami'ar birnin Kwazari. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, malamai suka bi. Aikinta ta karanta jinin mutum, ta gane yadda hantarsa da ƙodarsa ke sarrafa magani, sannan ta haɗa masa ƙwayar da ta dace da jikinsa shi kaɗai. Maganin Turmi ya fi duk abin da aka taɓa sayarwa a kemis aiki, amma abin da ya warkar da kai zai iya kwantar da maƙwabcinka. Su kuwa mutanen Kwazari, duk da jirgin ƙasan da ke wucewa ta saman gidajensu da kekunan da ke tuƙa kansu, ba su bar halinsu ba. Ka je dubiya ka ce kanka na sarawa, sai marar lafiyar ya zura hannu ƙarƙashin filo ya ce, "Ungo, ni ya yi min aiki." Asibitin koyarwa ya gaji da karɓar mutanen da kirkin 'yan'uwansu ya sumar.

A nan Zuwaira ta samo aikinta na shekarar ƙarshe. Tun daga aji ɗaya ba ta saba zuwa ta biyu ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Ta ƙirƙiro wani ɓawo da ake lulluɓe ƙwaya da shi, wanda ba ya narkewa sai ya haɗu da yawun mai maganin. Idan wani ya haɗiya, ƙwayar za ta bi cikinsa ta fita yadda ta shiga, ba cuta ba amfani. Ta sa masa suna makullin yawu.

An ba kowane ɗalibi damar zaɓen marar lafiya ɗaya don gwaji, sai ta zaɓi mahaifinta. Malam Sha'aibu tsohon mai walda ne, yana cikin waɗanda suka haɗa ginshiƙan jirgin saman gari. Yanzu hawan jinin ido ya kama shi, ciwon da ke cin jijiyar gani a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Likitoci sun ce idan aka tare shi yanzu, idanun biyu za su tsira.

Ta kai masa kwalbar, ta ɗaura masa awarwaron da zai riƙa aiko mata da ma'aunin maganin a jininsa.

"Baba, ɗaya da safe, ɗaya da la'asar. Kar ka ba kowa."

"To, Dakta." Haka yake kiranta tun tana firamare. Ya juya kwalbar a hannunsa. "Tanimu fa? Shi ma nasa idon hazo-hazo yake gani."

Malam Tanimu amininsa ne. Tare suka koyi walda, tare suka tsufa, kuma kullum da la'asar suna zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ko goro ɗaya aka ba ɗayansu, sai an raba shi biyu.

"Baba Tanimu ya je asibiti mana."

"Kin san shi da allura. Sai dai ke ki ɗebi jinin, ke ba zai ƙi ki ba."

"Bari in gama jarrabawa tukuna."

Gaskiya ba abin da ya hana ta roƙar wa Malam Tanimu gurbi, illa tana son sakamako tsaf, mutum ɗaya, ba ruɗani. Ba ta kuma gaya wa mahaifinta zancen makullin ba. Ta san shi sarai, ta san zai ɗan miƙa wa wani ƙwaya ɗaya ko biyu. To, sai me? Ai don irinsa aka yi makullin. Ta koma makaranta tana jin daɗin dabararta.

Makonni suka shige, awarwaron yana aiko da abin da bai yi mata daɗi ba. Maganin da ke jinin Baba rabin abin da ta lissafa ne. Ta sake lissafi, ta sa aka kwance Turmi aka duba, ta zargi awarwaron aka sauya shi. Rabi dai.

Farfesa Uwani, malamar da ke duba aikinta, ta kalli allon ta cire tabarau.

"Kin ga ya haɗiya da idonki?"

"Ranki ya daɗe, mahaifina ne. Na tambaye shi, ya ce kullum yana sha."

"Ban ce yana ƙarya ba. Je ki gani."

Zuwaira ba ta je ba. Tana da jarrabawar ilimin guba a gabanta, kuma ta riga ta yanke cewa hantar Baba ce ke saurin ƙone maganin. Har ta fara rubuta babi a kan haka, babi mai kyau kuwa.

Ranar da ta gama jarrabawa ta hau jirgi ta sauka a unguwarsu ana idar da sallar la'asar. Daga nesa ta hango Baba da Malam Tanimu a kan tabarma a gindin dalbejiya. Ta ga mahaifinta ya ciro kwalba daga aljihu, ya zazzago ƙwaya, ya kamo hannun Malam Tanimu ya sa masa a tafi. Sai da ya kamo hannun, domin Malam Tanimu ba ya ganin inda ake miƙo masa. Tsohon ya yi bismilla ya kora da ruwan buta.

Ta ƙarasa ta durƙusa ta gaishe su, ta kai gaisuwa har ƙarshe kamar yadda aka koya mata, sannan ta ce Baba ya ɗan shigo soro.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika kawo. Ni na safe, shi na la'asar." Ya faɗa ba tare da ko ɗar ba. "Na ga jarrabawar taki da saura, idon kuma ba ya jira. Ai rabi ya fi babu."

"Baba, rufe idonka na dama. Yatsu nawa na ɗaga?"

Ya rufe. Ya daɗe yana juya kai yana neman hannunta, alhali yana gaban fuskarsa. Zuwaira ta ji wani irin tsoro da ba ta taɓa ji a ɗakin jarrabawa ba. Ta zauna a ƙasa ta gaya masa komai: ɓawon, yawun, da yadda ƙwayar ke bi ta cikin Malam Tanimu ta fita ba ta taɓa shi ba.

Malam Sha'aibu ya juyo ya dube ta da idon dama.

"Wato duk la'asar ɗin nan, tsakuwa nake ba Tanimu yana min godiya?"

"Ba ta cutar da shi ba, Baba."

"Kuma kin san zan ba shi."

"Na sani."

"Kin san halin ubanki har haka, Zuwaira, sai kika zauna kika ƙera makulli. Ba ki ce bari in yi guda biyu ba."

Bai ɗaga murya ba. Amma tun da ta yi wayo, ranar ce ta fara jin sunanta na yanka a bakinsa.

Washegari ta ɗebi jinin Malam Tanimu da kanta, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, bai ƙi ta ba. Turmi ya karanta, fitilar ta koma ja. Babu sauran jijiyar da za a ceta. Na Malam Sha'aibu kuwa, idon dama ya tsira, na hagu ya tafi.

Zuwaira ba ta ɓoye komai ba. Ta yage babin hanta, ta tsaya gaban malamai ta faɗi abin da ya faru dalla-dalla. Suka saurara, suka jinjina, sannan suka duba abin da ya dame su: mutum ya yi watanni yana shan maganin wani, ko ciwon kai bai yi ba. Makulli ya yi aiki. Aka ba ta digiri mai daraja ta ɗaya, kuma kafin shekara ta zagayo duk ƙwayar da Turmi ya haɗa a Kwazari da makullinta take fitowa. Asibitin koyarwa ya daina karɓar masu suma. Rayuka da yawa sun tsira, wannan ba mai musu, kuma Zuwaira ba ta jin kunyar faɗa.

Malam Sha'aibu yana shan maganinsa cikakke yanzu, awarwaro ya shaida. Da la'asar yakan je ya riƙo hannun Malam Tanimu ya kawo shi gindin dalbejiya, su raba goro, su yi hira. Idan lokacin ƙwayar ya yi, sai ya ce, "Tanimu, ina zuwa." Ya shiga ɗaki, ya turo ƙofa, ya juya wa ƙofar baya, sannan ya haɗiya da sauri, duk da ya san aminin nasa ba ya gani.