Mai Sayen Ruɓaɓɓiyar Ayaba

A daminar 1978 Shu'aibu ya fara tsayawa a rumfar ayabar Malam Gwadabe da ke Gada Biyu. 'Yarsa Tabawa ce ke tsaro. Ta miƙo nunanniya, ya ce ruɓaɓɓiya yake so.

"Lafiyarka kuwa, Malam?"

"Dabbobina ne ba sa cin mai kyau."

Dabbobin nasa tsutsotsi ne, 'ya'yan ƙananan ƙudajen nan masu bin ayaba. Ogansa na jami'a ke nazarinsu, shi kuma yana kiwata su cikin kwalabe. Daga ranar, kullum sai ta ɓoye masa ruɓaɓɓu a ƙarƙashin tebur.

"Mai Tsutsa, yau ka makara."

"Tabawata, ko sun ƙoshi ai sai na zo."

Da maganar soyayyarsu ta isa kunnen Malam Gwadabe, ya ce bai san zancen ba. Ga Bala mai motar Bukuru yana nema, sai a ba mai kiwon tsutsa? Tabawa ta daina cin abinci. Dole ya ce zai je ya ga sana'ar da idonsa, sannan ya yanke hukunci.

Ranar da ya tafi Jos Jarawa, unguwar da Shu'aibu yake, gari ya waye da sanyi bayan ruwan ƙanƙara. Shu'aibu kuwa ya manta kwalabe a bakin taga. Tsutsotsin duk sun sandare.

"Dukiyar ke nan? Ai sun mutu. Wanda ya kasa riƙe tsutsa zai riƙe mini 'ya?"

"Baba, ina jin suma suka yi. Ka ɗan zauna."

 Shu'aibu ya cusa kwalaben cikin rigar sanyinsa, ya rungume su a ciki, haƙoransa na kaɗawa. Shayin baƙo ya huce. Malam Gwadabe har ya sa takalmi, sai Shu'aibu ya zaro kwalba. Tsutsa ɗaya ta ɗaga ɗan baƙin bakinta, ta miƙe, ta nufi ayaba. Sauran suka bi ta.

Shu'aibu ya sauke ajiyar zuciya. Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya.

"Tun da nake ban taɓa ganin ƙato yana kwanci kamar kaza ba! To, 'yata dai ba za ta ji sanyi a gidanka ba. Turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. A cikin kayan gara aka tarar da kwando guda na ruɓaɓɓiyar ayaba.

"Na dabbobinmu ne," in ji amarya.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.