Hannun da Ya Raka Ni Tafki

Da makarantarmu ta kai mu kwana a daji, Malama ta ce kowace yarinya ta riƙe hannun ƙawarta, kuma ban da magana, za mu leƙo bareyi suna shan ruwa da magariba. Ni baƙuwa ce a ajin, ba wadda ta zaɓe ni. Ina can baya ina kuka a ɓoye, sai wani hannu mai sanyi ya kama nawa.

"Ni ma haka suka bar ni," aka raɗa mini.

Ban waiwaya ba, kar ta ga hawayena. Muna isa tafkin, bareyin suka ɗago kai, suka zuba wa gefena ido.

Malama ta juyo. "'Yata, me kike yi can ke kaɗai?"

Hannun ya ƙara matse nawa.