Huluna Uku Bisa Katanga

"Gardi uku ne, Altine. Ga jajayen hulunansu can bisa katanga. Mu koma."

Umaru ne ke raɗa, yana kwance bayan sabara. Rana ta take tsaka, kasuwar Tudun Kalgo ta cika. Altine, ubangidan 'yan fashin, ya ƙura wa katangar ido, ya yi tsaki.

"Kai dai wawa ne. Wane gardi ka tsayawa cikin wagga rana, ga inuwar gawo kusa? Dubi ta tsakiya, kurciya ce bisanta. Ku hau!"

Ya kuwa canka daidai. Gardi ɗaya ne ke tsaron garin nan, ɗan sandan Nasara, Issa. Sauran biyun kumandan, Baturen mulki, ya kwashe su tun kaka, suna yi masa ban ruwan lambu a bariki. Issa ya kai kuka har bakinsa ya gaji. Da abin ya ishe shi, sai ya kafa sanduna bayan katanga ya ɗora musu hulunan abokansa. Yau zafi ya kore shi inuwa, ya bar tasa bisa sanda ta uku.

Dawaki sunka faɗa kara, wajen sai da dabbobi. Ihu, ƙura, shanu na tsalle! Sanusi, wani Bafillace, ya ƙi sakin igiyar bijiminsa. Altine ya kai masa sara ɗaya, ya faɗi gaban matarsa Lantana.

Issa ya fito da gudu, kai ba hula. Harsashi ɗaya tak anka ba shi. Ya saita bindiga, ya harba. Dokin Umaru ya kife, ya danne masa ƙafa.

"Altine! Ɗauke ni!"

Altine ya juyo da doki. Umaru ya miƙa hannu, shi kuwa ya soka masa mashi a ƙirji.

"Bakinka ya cika sako-sako, abokina. In anka kama ka, sai ka tona mu."

Sunka kora shanun sunka yi gabas. Issa ya bi su da ƙafa har numfashinsa ya ƙare, ya tsaya yana zagin kansa, takaici kamar ya kashe shi.

A bariki kumandan ya sa anka kawo Lantana shaida.

"Su uku ne," in ji ta, tana kuka. "Kullum muna ganin hulunansu. Ɗaya kaɗai ya fito, shi ma sai da anka kashe mini miji."

"Ranka ya daɗe, sanduna ne," in ji Issa. "Ka san inda mutanena suke. Ga su can!"

Suna can kuwa bakin rijiya, wando jiƙe, kai ƙasa. Tafinta ya dube su, ya dubi kumandan, ya haɗiye rabin maganar. Kumandan ya yi ta yarensa, tafinta ya juya.

"Ya ce gari duka ya shaida gardi uku ne, kai ne babbansu. Uku ba su tsare kasuwa ba, laifin wa?"

Anka tuɓe wa Issa kaki, anka tura shi fasa dutse a hanyar Dogon Dutsi. Ya tambayi tafinta wa za a aika garin a madadinsa.

"Ba kowa. Ya ce a bar hulunan inda suke."

Ran kasuwa Lantana ta biyo ta gindin katangar da ƙwaryar nono, ta leƙa baya. Sanduna uku ta gani, gara ta fara cin gindinsu.