Diyyar Hannun Hagu

Wayyo Allah! Ranar da injin yankan kwali na kamfanin da take aiki ya cinye yatsu huɗu na hannun hagun marainiyar nan, jinin ko bushewa bai yi ba aka tsayar da wata a gurbinta. Ta fito asibiti da dungu naɗe da bandeji, ga ƙanne biyu a ɗaki sun zuba mata ido, ita kuwa ko maɓallin riga ba ta iya sawa...

A ƙa'idar biyan diyya, hannun da mutum yake aiki da shi ya fi tsada. In shi ya nakasa, biya ne duk wata. In ɗayan ne, ɗan abin sallama kawai, wanda ba zai ciyar da yaran ko wata biyu ba. Ita kuwa bahaguwa ce tun haihuwa, amma kamfani ya ce ƙarya take. Kawunta da ya riƙe ta bayan rasuwar iyayenta shi ne shugaban sashensu, manaja kuma ya kwaɗaita masa ƙarin girma in ya goyi bayan kamfani. Ta durƙusa gabansa tana hawaye. "Kawu, don girman Allah ka faɗi gaskiya, kai ka raine ni..." Ya kau da kai. "Ni ban raini bahaguwa ba. Tashi ki ba ni wuri!" Kai, wani mutum sai Allah! Ta koma tana ta addu'a.

A gaban kwamitin sauraron ƙorafi Kawu ya rantse da dama take ci, da dama take rubutu. Gaskiya ne kuwa, da bulala ya koya mata. Baiwar Allah ta fashe da kuka. Tausayi ya kama shugabar kwamitin, wata dattijuwa, ta miƙo mata kofin ruwa. Kafin yarinyar ta yi tunani, dungun nan ya riga ya miƙe... kofi ya suɓuce, ruwa ya wanke wa Kawu riga.

"Bahaguwar banza!" ya daka mata tsawa. "Babba na ba ki abu ki sa hagu? Tun kina ƙarama nake dukanki a kan hannun nan, kin ƙi bari!"

Dattijuwar ta gyara tabarau. "Maimaita, malam. A hankali, ana rubutawa."

Kafin sati ya zagayo manaja ya ɗora wa Kawu dukkan laifin, aka kore shi. Ita kuwa aka yanke mata biyan duk wata. Ta zauna a bakin gado, ƙannenta sun rungume ta, ta ɗora dungun a kumatunta tana kuka tana dariya.

"Alhamdu lillahi... Ka sha duka, ka sha yanka," ta ce wa hannun, "amma kai kaɗai ka yi mini shaida."