Jar Fitila a Kan Ƙofa

Da la'asar aka kira Sufeto gidan rediyo. An tsinci gawar Baban Waje a ƙaramin ɗakin ɗaukar murya, yashe a bayan ƙofa, ya yayyage soson da ke hana sauti fita da farcensa. Ya haura shekara ashirin yana karanta labarai a wata tashar ƙasar waje, watan jiya ya dawo gida.

Likita ya ce asma ce ta taso masa tun da hantsi. Abin shaƙarsa kuwa yana cikin jakarsa a ofis. Ƙofar ɗakin ko mai lafiya sai ya sa mata kafaɗa.

"Tun hantsi ba wanda ya leƙa?" Sufeto ya tambayi Manaja.

"Yallaɓai, jar fitila na kunne. In tana ci, ana ɗauka ke nan. Ko gobara ake ba mai taɓa ƙofar nan."

Ran Sufeto ya ɓaci. Gida cike da masu surutu, mutum ya mutu a tsakiyarsu saboda ƙwan fitila.

Makunnin yana ɗakin injiniya, inda ake hango mai magana ta gilashi. Injiniya ya rantse bai motsa daga kujerarsa ba. Da Sufeto ya tambaye shi ko ta gilashin ya zauna yana kallon mutuwar, sai ya canja magana.

"Gyaran janareta na fita yi a gari, yallaɓai. Na bar ɗakin a buɗe. Amma ba a ɗauki komai ba, na'urar ma ba a kunna ta ba."

A bakin ƙofar ɗakin ɗaukar muryar akwai wata ƙaramar kanta. Nan ma'aikata ke ajiye waya da makulli kafin su shiga, don makirfo ba ya yafe ƙara. Awarwaro huɗu ne a kai. Sufeto ya zura su a aljihu.

Anti, wadda ke karanta labaran yamma tun kafin a haifi rabin ma'aikatan, tana ofis tana bitar takardunta.

"Yau ko kusa da ɗakin ban je ba," ta ce, da muryar da Sufeto ya taso yana ji a rediyon babansa.

Ya ajiye awarwaron a gabanta. Ta dubi hannunta, wayam.

"Ko faɗa za ki shiga yi, sai kin cire su, Hajiya?"

Ta ajiye takardunta.

"Ranar da Baban Waje zai tafi ƙasar waje na ba shi kaset ɗin muryata ya kai musu. Duk shekara sai ya ce suna dubawa. Ina nan ina jira har furfura ta fito mini. Jiya Manaja ya ce daga wata mai zuwa shi zai karɓi labaran yamma, ni in huta. Na shiga in roƙe shi ya bar mini. Yana dariya ya ce kaset ɗin ko jirgi bai hau ba, a mota ya manta shi. Dariyar ce ta sarƙe shi. Ya ce in ɗauko masa abin shaƙa." Ta dubi awarwaron. "Na fita. Na kunna fitilar. Ina ganinsa ta gilashi."

Sufeto bai ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan. Wata kofur da ta zo tare da shi ta sa mata ankwa. Manaja kuwa har ya fara tambayar wa zai karanta labaran yau.

Suka bi ta gaban babban ɗakin watsa shiri, jar fitilarsa na ci. Anti ta rage tafiya, ta matse hannuwanta a ƙirji don kada ankwar ta yi ƙara.