Motar da Za Ta Haye Rafinmu

"To, ina motar take?"

Ja'afaru ya sosa ƙeya. Wandonsa a naɗe har gwiwa, takalma a hannu, taɓo ya yi masa safa.

"Tana ƙetaren rafi, Lantana. Direban ya ce ba zai sa ta a ruwa ba. Amma da kin gan ta... baƙa wuluk, tana sheƙi! Ta abokina ce, irinta zan saya sabuwa dal, a ɗauko min ke a ciki."

Wallahi dariya ce ta fara zo mini, sai kuka ya riga ta fitowa.

Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, duk wanda Allah ya buɗa wa a ƙasarmu mota yake mafarki. Ja'afaru, mai nemana da aure, shi ma cinikin mazarƙwaila ya karɓe shi a Kudan. Ni kuwa ina Gubuchi da Innata, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun rasuwar Baba. Ni kaɗai ta haifa. Matar Baffana tana taimakawa, amma ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka.

"Malam, ka san abin da ya hana ni amsa maganar sa rana?"

"Inna."

"To! Motar da ke tsoron ruwa ce za ta kawo ni wurinta da damina? In jikinta ya tashi, a ina za a kwantar da ita a kai ta asibiti Zariya? Don mutanen Kudan za ka saya, ba don ni ba!"

"Haba hasken idona..."

"Kada ka hasken idona ni! Ina son ka, Allah ya sani, har ciwo son yake yi mini. Amma ba zan tafi inda rafi zai raba ni da uwata ba."

Ya sa takalmansa a kan taɓon, ya ce in gaida Inna, ya juya.

Shiru. Kasuwa ta ci, wata ta ci, babu shi babu aike. Na rame har zanena ya fara zamewa. Kullum ina cizon yatsa, ni da bakin nan nawa da ba ya jiran shawara!

Ran nan ƙawata Zulai ta dawo daga kasuwar Makarfi, ko kayanta ba ta sauke ba ta faɗo ɗakinmu.

"Ke Lantana! Na ga mutuminki!"

"A ina? Lafiyarsa ƙalau?"

"Lafiya? A bayan mota na gan shi yana lilo! Karen mota ya zama, ƙawata. Riga duk baƙin mai, yana ihun Ikara, Ikara, saura mutum ɗaya!"

Na ce ƙarya take. Kafin mako ya zagayo, maganar ta cika gari. Wannan ya gan shi yana tura akori-kura a hanyar Nasarawan Doya, wancan ya gan shi kwance ƙarƙashin wata mota a tasha. Yau yana bin wannan direba, gobe wancan. Aka ce jarinsa ya karye. Masu ƙarin gishiri suka ce ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, wai ni na ja masa.

Baffa Mamuda, ƙanin mahaifina, ya kira ni zaure.

"Lantana, ni ba zan ba karen mota 'yar ɗan'uwana ba. Jumma'a mai zuwa zan mayar wa danginsa da kayan auren da suka kawo."

Na durƙusa, hawaye na zuba. "Baffa, don Allah a ji ta bakinsa tukuna..."

"Bakin da ke kiran fasinja? Tashi ki ba ni wuri."

Na koma na kifa kaina a cinyar Inna. Ta shafa kitsona.

"Ni ce na tare miki hanya, 'yar nan."

"Inna, kada ki ƙara faɗin haka! Ko turin mota yake yi ina son sa, ke kuma ba na barin ki."

Ranar Jumma'ar aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi ya ɗauke, rafi ya cika ya batse. Baffa yana zaure da kayan a ɗaure, yana jiran ruwa ya janye, sai muka ji ruri daga ƙetare.

Gari ya fashe zuwa bakin rafi, har da Baffa. Ni ma na figi mayafi.

Wata mota ce ruwan toka, doguwar ƙafa, ƙirarta kamar akwati. Kyau kam babu, gaskiya ɗaya ce. Ta tsaya a bakin ruwa, mutane na ɗaga hannu suna ihu a koma. Sai ta sa kai!

Na rufe ido, na buɗe. Ruwa na dukan cikinta, tana tafe tana gurnani, ba ta ko yi tari ba. Ta hau tudu tana zubar da ruwa, mata suka ɗauki guɗa.

Ja'afaru ne ya fito daga mazaunin direba, cikin farar riga ƙal. Ya wuce kowa ya zube gaban Baffa.

"Ashe ba ka karye ba?" in ji Baffa. "To me ya kai ka bin motoci?"

"Baffa, na je kantunan Zariya da Kaduna, kowane dillali ya ce tasa ta fi. Na tambayi direbobi, kowa ya yabi tasa. Sai na ga wanda ke turawa ne kaɗai ba zai yi mini ƙarya ba. Shi ya sa na bi su damina guda. Na ga wadda ke kafewa, na ga wadda ke shan mai kamar rijiya, na ga wadda in ta lalace sai an jira kayanta daga Ikko. Wannan ko makanikin Makarfi ya san cikinta. Tuƙin ma a can na koya."

Ya buɗe bayanta. Babu kujeru. Katifa ce shimfiɗe, sabuwa, da matashi biyu.

"Wannan wurin Inna ne."

Ya juyo wurina, ya rage murya.

"Lantanata, na yi wuyar gani ko?"

"Mugu kawai! Ka bar ni ina kuka..."

"Ke kika aike ni."

Baffa ya share ido da hannun riga, ya ce a kwance kayan nan a mayar ɗaki, kuma kada wanda ya ƙara tayar masa da zancen.

A ranar aka ɗauko Inna aka kwantar da ita a katifar, ni ina gefenta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, don surukin gobe ne a gaba, ba ta iya yi masa magana. Muka bi ta gefen gonaki a hankali. Rabonta da ganin waje tun Baba na da rai. Na ga ta ɗaga mayafin kaɗan tana kallon dawa ta yi kore shar.

"Lantana," ta ce da raɗa, "gaya masa ya tsaya. Gonar babanki ce wannan."

Kafin in buɗe baki ya taka burki. Inna ta daɗe tana kallo, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Can ta yaye mayafin gaba ɗaya, ta ɗaga murya, ba ta bi ta kaina ba.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Bayan girbi ka zo ka ɗauki matarka."